Ranar Shafa Man Sheƙi

"Kashin ƙuda!"

Monsieur Vasseur ya wurga ɗan allon zanen a kan kantar shago.

Léonie ta cafe shi kafin ya kai ƙasa.

"Papa, don Allah..."

"Rufe min baki! Ba da ke nake ba."

Ya juya ga saurayin da ke tsaye bakin ƙofar shago da hula a hannu. Aurèle Quintard. Dogo, siriri, bakin hannun rigarsa duk fenti. Neman auren Léonie ne ya kawo shi.

"Shekara talatin da ɗaya ina niƙa launi a unguwar nan, ina dafa man sheƙin da ake shafa wa zane," in ji tsohon. "Manyan masu zane na Paris sun zauna kan kujerar can suna jirana. Na san zane in na gan shi. Wannan kuwa ƙyanda ce ta fito wa katako. Da wannan za ka riƙe min 'ya?"

"Kun tsaya kusa da yawa," Aurèle ya ce.

"Me ka ce?"

"Ba a kallonsa da hanci a jiki. Ja yana wurinsa, kore yana wurinsa, ba na cakuɗa su. Ido ne ke haɗawa. Ku ja baya taku goma."

Daga can ciki, inda ake manna ruwan zinariya a jikin firam, wani ya tuntsire da dariya. Firmin ne, babban ma'aikacin shagon. Shekararsa tara a nan. Sau biyu ya nemi auren Léonie, sau biyu ta ce a'a, kuma kullum da safe yakan gaishe ta da murmushi kamar ba a yi ba.

"Maigida, taku goma daga nan ai sai tsakiyar titi," ya ce yana goge hannu. "Keken doki ya bi ta kanku, sannan ku ga kyawun abin."

Tsohon bai yi dariya ba.

Léonie ta rungume allon a ƙirji.

"Papa, ina son shi. Shekarata ashirin da huɗu, ba yarinya ba ce ni."

"To bi shi mana. Wa ya riƙe ki?"



Ya san ba za ta fita ba. Ta yi wa mahaifiyarta alkawari a gadon mutuwa cewa ba za ta shiga coci da wani namiji ba sai hannunta na cikin na ubanta.

"Saura mako uku a buɗe nunin gidan tarihi," Aurèle ya ce. "Sun ba mu ɗaki guda, mu masu zane da ɗigo-ɗigo. Na ƙarshe, kusa da matakala. Ina da babban zane a ciki. Shekara biyu ina yin sa."

"Zanen me?"

"Léonie. A bakin kogi."

Tsohon ya juyo a hankali ya dubi 'yarsa.

"Ashe nan ne gidan gwaggonki na ranar Lahadi."

Ta sunkuyar da kai.

Tsohon ya dafa kantar shagon da hannu biyu.

"Taku goma ka ce?"

"Goma."

"Zan zo ranar buɗewa, in ƙirga da ƙafata. In na ga fuskar 'yata, wadda na sani, na ba ka ita, ni zan kai ta coci. In kuwa kashin ƙuda na gani, kada inuwarka ta sake giftawa ta ƙofar nan. Ke kuma ki cire shi daga ranki ko da wuƙa ne."

"Na yarda."

"Aurèle!"

"Na yarda," ya sake cewa.

Ya sa hularsa ya fita.

Firmin ya koma ciki yana fito.

*

Kwana uku kafin buɗewa ta hau ɗakinsa da hantsi, hawa na shida, can ƙarƙashin rufi. Zanen ya fi ta tsayi. An juya fuskarsa bango.

"Bari in gani."

"A'a."

"Fuskata ce fa!"

"Sai ranar."

"Kai dai... Shekara biyu ina zaune kan ciyawa har bayana ya ƙage, kallo ɗaya ma a hana ni?"

Yana ninke riga yana sawa a jaka.

Ta ga wasiƙa a buɗe a kan tebur, rubutun mace, siriri mai kaifi. Ta karanta layi biyu kafin ya ɗauke. *Ban haife ka don ka haɗa sunan mahaifinka da 'yar mai dafa mai ba.*

"Maman ce, mahaifiyata," ya ce. "Gobe zan tafi Rouen. Zan taho da ita ranar buɗewa, jirgin safe."

"In ta ƙi fa?"

"Za ta zo. Tana son ta ga faɗuwata da idonta."

Léonie ta zauna a bakin gado.

"Raina, ina jin tsoro... Naka ba sa so na, nawa ba sa son ka. Komai namu a kan ƙyalle guda."

Ya ajiye jakar, ya durƙusa gabanta. Ya sa yatsa a ƙasan idonta.

"Akwai kore a nan."

"Kore? Gawa ce ni?"

"Kore, da ruwan goro kusa da shi. Shi ya sa kike haske. Ba wanda ya sani sai ni."

Ta yi dariya da hawaye a ido.

"Wasu samarin furanni suke kawowa. Nawa ya ce fuskata ta yi gansakuka."

"Léo."

"Na'am, masoyina."

"Kin yarda da shi? Ba da ni ba. Da aikin."

"Na yarda," ta ce da sauri.

Da sauri ƙwarai ta faɗa. Bai lura ba.

Bayan ta tafi ya juyo zanen. Ya ɗauki ƙaramin buroshi ya ƙara ɗigo a ƙasan idon, ya ƙara a gefen baki, har rana ta karkata. Fuskar ya bari ƙarshe, wata huɗu ke nan yana kanta ita kaɗai. Da ya gama ya zagaya baya, ya rubuta da gawayi a kan katakon tsakiya: KADA A SHAFA MASA MAI.

Babu mai ɗigo da ke yarda man sheƙi ya taɓa zanensa. Man yana dushe launi, yana ja zuwa rawaya, ya mai da hasken rana na fitila. A wurinsu wannan ba sai an faɗa ba. A gidan Vasseur kuwa, zanen da ba a shafa ba amarya ce ba wanka. Wannan ma ba sai an faɗa ba.

Shi ya ɗauka ta sani.

Ita ba ta ga abin tambaya ba.

*

Jajiberin buɗewa ranar shafa mai ce, kamar kowace shekara.

Tun safe gidan tarihin ya cika da tsani da kwalabe. Warin mai har a harshe. Masu zane sun zo da matansu da 'yan matansu, kowa yana tsaye gaban nasa ana goga masa, zane bayan zane yana kama ƙyalli kamar an fito da shi daga ruwa. Monsieur Vasseur yana babban zaure tare da manyan baƙi. Léonie da Firmin suka ɗauki ƙananan ɗakuna. Duk zanen da aka bar wa shagonsu, akan manna masa takardar shagon a baya. Su duba, su shafa, su wuce.

Wajen azahar Firmin ya ajiye buroshinsa.

"Ba za ki leƙa kishiyarki ba?"

"Ya ce sai gobe."

"Yana Rouen. Idonsa bai kai nan ba."

Ta bi shi.

Ɗakin ƙarshe babu kowa. Ba tsani, ba kwalba, ba mai zane ko ɗaya. Zanenta yana bangon tsakiya, cikin farin firam marar ado.

Ta tsaya a bakin ƙofa.



Ita ce. Zaune kan ciyawa da shuɗiyar rigarta, kogi a bayanta yana walwali. Fuskar tana kallon wani da ba ya cikin zanen, kuma duk wanda ya ga idon ya san wa take kallo.

"Ya Allah..." ta ce a hankali.

Ta matsa kusa. Taku ɗaya, biyu, biyar. Fuskar ta fara watsewa. Da ta isa gabansa babu Léonie, sai dubban ɗigo a bushe, ja, kore, shuɗi, ruwan goro, kamar an watsa tsaba a kan allo.

Wasu mata biyu suka leƙo da wani mai gemu.

"Nan kuma fa? Ba su gama ba ne?"

"Haka suke yi. Cutar ido ce."

"Dubi yadda ya bushe, kamar bangon gidan yari. Wace baiwar Allah ce ta zauna aka yi mata haka?"

Suka wuce suna dariya.

Kunnuwan Léonie suka yi zafi.

"Kin ji dai," in ji Firmin, murya ƙasa-ƙasa. "Ni ban ce komai ba. Amma kin san maigida. Zai ratsa ɗaki goma sha biyu na zane masu ƙyalli, idonsa ya cika da su, sannan ya faɗo nan. Kina ganin zai ƙirga goman ma?"

"Sauran ma ba a shafa musu ba."

"Su wa ya san da su? Naki dai ya fi su wayo. Duba baya."

Ta ɗaga gefen firam ɗin ta leƙa. Ga takardar shagonsu a kan katakon tsakiya, babba, da sunan Vasseur. Ta taɓa. Gam ɗin bai gama bushewa ba.

Ta lura da haka.

Ba ta tsaya tunani ba.

"Bai gaya min ba," ta ce.

"Wannan yana gaya wa mutum abu? Girman kai ba zai bar shi ya roƙi surukinsa mai ba. In kin fi so ni in shafa..."

"Kada ka taɓa shi!"

Ya ɗaga hannu biyu yana murmushi.

"Ranki ya daɗe. To ga kwalbata, taki ta kusa ƙarewa. Bari in kawo miki tsani."

Ta dafa gefen zanen da bayan yatsa kamar yadda ubanta ya koya mata. A bushe. Ta dafa kogin. A bushe.

Ta hau tsanin ta fara daga sama.

Man ya bi sararin samaniya sumul. Shuɗin ya yi zurfi, ya kama ƙyalli. Zuciyarta ta yi sanyi. Ta bi itatuwa, ta bi kogi, ta sauko ciyawa, ta bi rigar. Yanzu ya fara kama da zanen da aka saba gani. Yanzu Papa ba zai iya cewa komai ba.

Fuskar ta bari ƙarshe.

Ta tsoma buroshi, ta ja shi daga goshi zuwa haɓa. Ja ɗaya.

Buroshin ya yi nauyi a hannunta.

Ta ɗaga shi. Gashinsa ya rine.

Inda ya bi babu ɗigo. Ja ya shiga kore, shuɗi ya shiga ruwan goro, duk sun zama layi guda mai faɗi, launin taɓo, daga goshi ya ratsa ido ɗaya ya raba bakin biyu.

"A'a... a'a, a'a!"

Ta sa gefen rigar aikinta ta danna don ta tsotse man. Ɗayan idon ya biyo ƙyallen.

Ta sa yatsa. Kumatun ya zame.

"Firmin! Firmin, zo!"

Ta waiwaya.

Ɗakin babu kowa.

*

Ba ta gaya wa ubanta ba. Sau uku ta buɗe baki a kan miyar albasa, sau uku ta rufe. Ya ɗauka fargaba ce, ya tura mata burodi.

Washegari ta riga kowa zuwa ƙofar gidan tarihin. Ta shirya abin da za ta ce. Za ta tare shi a waje, ta faɗa masa kafin ya gani.

Keken doki ya tsaya. Aurèle ya sauko, ya miƙa hannu ya sauko da wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya. Ya hango Léonie.

Ya yi murmushi.

Shekara biyu ba ta taɓa ganin haƙoransa duka ba sai ranar.



"Maman, ga Léonie."

Madame Quintard ta dube ta daga hula zuwa takalmi, ta tsaya a kan hannayenta, inda launi ya maƙale a ƙarƙashin farce.

"Na gani," ta ce.

Monsieur Vasseur ya iso cikin baƙar kwat ɗinsa ta jana'iza da biki. Firmin yana bayansa, gashi ya sha mai.

"Aurèle, tsaya... akwai abin da..."

"Bayan mun fito, zuciyata. Zo."

Ya kama hannunta a gaban kowa.

Tun daga matakala suka jiyo dariya. Ɗakin ƙarshe ya cika. Wani yana cewa mai zanen ya yi faɗa da matar ne ya mare ta da buroshi. Wani ya ce ai wannan wurin kaɗai ya fahimta a duk ɗakin.

Mutane suka dare.

Hannun Aurèle ya saki nata.

Bai yi ihu ba. Bai matsa ba. Ya tsaya yana kallo, leɓɓansa sun yi fari.

Monsieur Vasseur ya ratsa mutane har gaban zanen. Ya juya masa baya, ya fara takawa yana ƙirgawa a fili. Ɗaya. Biyu. Masu dariya suka yi shiru. Da ya kai goma ya juyo.

Ya daɗe yana kallo.

"Kogin yana motsi," ya ce, kamar da kansa yake.

Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Wannan shuɗin... ni na niƙa shi. Bai taɓa yin haka a hannun kowa ba."

Sannan idonsa ya sauka kan taɓon.

Ya dawo da sauri, ya kai hancinsa jikin zanen ya shaƙa. Fuskarsa ta canza.

"Man gidana ne. Wa ya shafa?"

Ya dubi masu kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Na ce wa ya shafa!"

"Ni ce, Papa."

Aurèle ya juyo ya dube ta. Kallo ɗaya. Ta gwammace da ya mare ta.

"Ke?" in ji tsohon. "A kan ɗanyen fenti?"

"Na taɓa gefe, a bushe yake... akwai takardarmu a baya..."

"Ni ban karɓi aikin ɗakin nan ba."

Ya sake shaƙa. Ya lakato man da farce ya murza tsakanin yatsu.

"Kuma ba haka na dafa shi ba. An cika masa ruwan narkar da fenti. Wannan ko zanen shekara ɗari sai ya motsa shi. Kwalbar wa?"

Idonta ya tafi kan Firmin.

Tsohon ya ɗaga firam ɗin daga bango shi kaɗai, ya juya shi. Ya sa farce a gefen takardar ya ɓare ta. Gawayin yana nan a ƙarƙashi, rabi ya biyo gam, rabi ya tsaya. Kowa ya iya karantawa.

Firmin ya fara ja da baya.

"Maigida, ni takarda kawai na... kuskure ne, zanukan suna da yawa..."

"Shekara tara kana cin burodina."

"Don ita na yi! Wannan mahaukacin zai kashe ta da yunwa, ku ma kun sani! Ku da bakinku kuka ce kashin..."

Marin ya yi ƙara har ɗakin gaba.

"Kada ka koma shagona. Ko rigar aikinka kada ka je ɗauka, zan ƙona ta."

Firmin ya fita yana dafe da kunci.

Madame Quintard ta gyara safar hannunta.

"Aurèle, ka ga dai. Abin da ta yi maka a zane shi za ta yi maka a gida. Ina jiranka a keke."

Monsieur Vasseur ya tsaya gaban saurayin. Ya cire hularsa, abin da Léonie ba ta taɓa ganin ya yi wa na ƙasa da shi ba.

"Monsieur Quintard. Ban ga fuskar ba. Amma na ga kogin, na ga rigar, na san yadda fuskar ta kasance. Na zage ka a kan abin da ban sani ba. Ɓarnar kuma daga gidana ta fito." Ya murza hular a hannunsa. "Na ba ka ita. Ka sa rana."

Léonie ta toshe baki da hannu.

Aurèle ya dubi tsohon. Ya dubi zanen.

Ya juya ya fita.

*

Kwana biyu ta jira. A na uku, da rana tsaka, ta hau hawa shidan.

Ƙofar a buɗe take. An kwashe zanukan bango. Akwatuna biyu a ɗaure a tsakar ɗaki. Yana zaune kan ɗaya yana wanke buroshi a gwangwani.

"Aurèle..."

Bai ɗago ba.

"Ina za ka?"

"Rouen. Jirgin ƙarfe huɗu."

"Har yaushe?"

Ya ci gaba da wanke buroshin.

Ta zube a gabansa, ta kama gwiwarsa.

"Raina, ka yi min magana! Ka zage ni, ka doke ni, amma kada ka yi min shirun nan... Papa ya yarda! Abin da muka jira shekara biyu ke nan!"

"Na ji."

"Zan sake zama maka. Kowace rana, ba Lahadi kaɗai ba. Papa ya ce zai cire man da hannunsa, a hankali, ba abin da zai samu kogin. Fuskar kawai za ka sake."

"Wata huɗu ne. Ba wuya."

"To me ya rage?"

Ya ajiye buroshin. Sai yanzu ya dube ta. Idonsa ya faɗa.

"Tambaya ɗaya."

"Yi dubu, hasken idona."

"Kin tsaya a bakin ƙofa kafin ki shafa?"

"Na tsaya."

"Kin gan ki?"

"Na gan ni... Aurèle, ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba, na rantse da kabarin Maman."

"Me ya rasa?"

"Ban gane ba."

"Kin gan shi, kin ce yana da kyau. Me ya rasa da kika hau tsani?"

"Takardar ce! Firmin ya rufe rubutunka, ka gani da idonka!"

"Na gani. Firmin maƙiyina ne, ya yi aikin maƙiyi. Ba shi nake tambaya ba." Ya yi maganar a hankali. "Akwai zane goma sha tara a wancan ɗakin. Ko ɗaya ba a shafa ba. Ke 'yar Vasseur ce, idonki ba ya wuce irin wannan. Takarda ce ta ɗaga hannunki, ko kunyarsa kika ji?"

Iska ta motsa tagar.

Ta san amsar da zai karɓa. Kalma ɗaya ce. Takarda. Ba wanda ya ga gam ɗin sai ita. Ba wanda ya ji zafin kunnuwanta sai ita. Yana kallonta kamar mai roƙo, kamar shi ma kalmar yake so.

Ta buɗe baki.

"Gam ɗin ɗanye ne," ta ce. "Na taɓa, na ji."

Bai motsa ba.

"Wasu mata suka yi dariya. Suka ce kamar bangon gidan yari. Na dube shi, na tuna na sauran ɗakunan, sai na ga..." Ta kawar da kai. "Sai na ga kamar bai ƙarasa ba. Na so ya yi kama da na mutane. Na ji kunyarsa, Aurèle. Na ɗan lokaci kaɗan... amma na ji."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Na gode."

"Don kai na yi! Don kada Papa ya raba mu!"

"Na sani."

"To ka yafe min!"

"Na yafe tun a ɗakin nunin."

"To ka zauna..."

"Léo, haka zan yi ta zane har in mutu. Za a yi ta dariya. Bana, baɗi, wataƙila har bayan raina. Maman ta yi, ubanki ya yi, ban damu ba, don ina cewa akwai mutum ɗaya." Ya share mata hawaye da babban yatsa, ya janye hannun. "Yanzu duk ɗigon da na sa, zan waiwaya in duba fuskarki, ko kin ji kunya. Ba zan iya aiki haka ba. Ba zan iya aure haka ba."

"Zan koya! Zan saba!"

"Za ki koyi ɓoyewa. Shi ne abin da nake tsoro."

Ya miƙe ya zubar da ruwan gwangwanin ta taga. Ya naɗe buroshinsa a tsumma ya cusa a aljihu.

"Zanen fa?" ta ce, ba don ta damu da amsar ba, don dai ya ƙara minti ɗaya.

"Na bar wa ubanki. Yana son shuɗin."

Masu dako biyu suka shigo suna haki, suka ɗaga akwatin farko suna zagin matakala. Léonie ta miƙe ta ba su hanya. Gwiwoyinta sun yi ƙura, ba ta kakkaɓe ba.

A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Aurèle."

"Na'am."

"Da na ce takarda ce fa?"



"Da na aure ki ranar Asabar."

Ta riƙe ƙarfen matakala da hannu biyu, ta fara sauka.